Zuciya ba ta jin tsawa: fashin baƙi kan mallakar tunani da tausaya wa kai

A shekarar 1987 wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna Daniel Wegner ya tara ɗalibai a Jami'ar Trinity da ke jihar Texas ta Amurka, ya ba su aikin da in ka ji za ka ce wasa ne. Kowa zai zauna shi kaɗai na minti 5, ga rikoda a gabansa, ya riƙa faɗin duk abin da ya zo masa a rai. Sharaɗin guda ne: kada ya kuskura ya tuna farin beyar, dabbar nan mai gashi ta ƙasashen ƙanƙara. In kuwa ta faɗo masa, to ya kaɗa ƙararrawar da aka ajiye masa. Ƙararrawa ta sha kaɗawa, fiye da sau ɗaya a kowane minti. A zagaye na biyu aka sakar musu mara, aka ce yanzu su tuna dabbar son ransu. Sai ga shi waɗanda aka fara hanawa sun fi yawan tunaninta a kan waɗanda tun farko aka ce su yi ta tunawa.

Bayanin da Wegner ya bayar daga baya ba shi da wuyar ganewa. Duk wanda ya ƙuduri aniyar kada ya tuna wani abu, ya ɗora wa ƙwaƙwalwarsa aiki biyu ne. Wani sashe zai riƙa laluben tunani na daban don cike gurbi, wannan kuwa aiki ne mai cin ƙarfi. Wani sashen zai tsaya gadi, yana leƙe ko abin da aka kora ya dawo, kuma ba yadda zai gane shi in ba yana riƙe da kamanninsa ba. Da zarar gajiya ta zo, ko barci ya yi ƙaranci, ko ayyuka sun yi wa mutum katutu, sai na farkon ya saki, na biyun kuwa yana nan daram. Shi ya sa maganar da ka yini kana kora ita ce za ta tashe ka ƙarfe 2 na dare, ta zauna maka a ƙirji har a kira assalatu.

Wannan ya taɓa wata shawara da muka saba ba juna. Wanda aka yi wa rasuwa, ko jarinsa ya karye, ko aurenta ya mutu, abin da ya fi ji daga bakin masoya shi ne “cire abin nan a ranka”, “daina sa wa kanka tunani”, “ka daure”. Da kyakkyawar niyya ake faɗa, ba na kuma raina ta. Sai dai ba wanda ke nuna masa yadda ake cirewar. Ya gwada ya kasa, sai nauyin ya zama biyu: ga ainihin baƙin cikin, ga kuma zargin kai da ragwanta ko ƙarancin tawakkali.

Gaskiyar magana, mutum ba shi da wani iko na a zo a gani kan abin da zai faɗo masa a rai. A 2010 Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard sun yi amfani da manhajar waya suna tuntuɓar mutum 2,250 a lokuta daban-daban ba zato ba tsammani, ana tambayar kowa abin da yake yi, da abin da yake tunani, da yadda yake ji. Kusan kashi 47 cikin 100 na amsoshin sun nuna jiki na nan, hankali na can. Kuma mutanen sun fi zama cikin rashin walwala a lokutan da hankalin ya tafi yawo. Duk wanda ya taɓa sallame sallah yana kokwanton raka'a uku ya yi ko huɗu ya san wannan ba sai an kawo masa alƙaluma ba. Inda iko yake shi ne mataki na gaba, wato abin da mutum zai yi da tunanin bayan ya riga ya zo.

Mu duba abin a kusa. Mace ta tura wa ƙawarta saƙo ta WhatsApp tana neman rancen 'yan kuɗi zuwa ƙarshen wata. Alamar nan biyu ta koma shuɗiya, an karanta. Minti 10, shiru. Iyakar abin da ya faru a zahiri ke nan: an karanta, ba a amsa ba. Amma kafin ta sauke tukunya zuciya ta gama kitsa labari. Ta raina ni. Dama tun bikin ƙanwarta na ga ta canza. Ni ce ma da laifi da na zubar da girmana na tambaya. Kullum haka nake, kuɗi ba ya zama a hannuna. Ƙirji ya ɗauki zafi, maƙogwaro ya cushe, yaro ya shigo yana neman ruwa aka daka masa tsawa. Tsakanin shuɗiyar alama da tsawar da yaron ya sha akwai matakai huɗu ko biyar, amma ita ba ta ga ko ɗaya ba, domin kowane zato ya zo mata ne a matsayin tabbas.

Marigayiya Susan Nolen-Hoeksema, masaniyar halayyar ɗan'adam 'yar Amurka, ta ƙarar da shekaru tana nazarin irin wannan saƙa da warwara. An yi dace ta auna wasu ɗaliban Jami'ar Stanford mako biyu kafin girgizar ƙasar Loma Prieta ta afka wa yankin San Francisco a 1989. Da ta koma musu bayan kwana 10, ta sake komawa bayan mako 7, sai ta tarar waɗanda dama ɗabi'arsu ce su zauna suna jujjuya damuwa a rai su ne suka fi daɗewa cikin ƙunci. Girgiza ɗaya ce ta same su duka.

Halarto da hankali (mindfulness a Turance), wanda asibitoci da dama a duniya ke koyarwa yanzu, horo ne na ganin matakan nan ɗaya bayan ɗaya tun suna faruwa. Zuciya tamkar tashar mota ce. 'Yan kamasho na ta kira, wannan Zariya, wancan Funtuwa, wani har jakar hannunka zai kama. Ba ka isa ka hana su kira ba, in ma ka tsaya cacar baki da su ƙara taruwa za su yi a kanka. Abin da ke hannunka shi ne ka ji kiran, ka san kira ne, ka ƙi shiga motar da ba garinku za ta ba.

A zamanance, tsarin ya samo asali ne daga Jon Kabat-Zinn, masanin kimiyyar ƙwayoyin halitta da ya yi digirinsa na uku a jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka, wanda kuma ya daɗe yana koyon zaman tattara hankali a wajen malaman addinin Buddha. A 1979 ya buɗe wani ɗan sashe na rage matsin rai a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts da ke Worcester. Waɗanda likitoci suka riƙa turo masa su ne marasa lafiyar da magani ya kai iyakarsa a kansu, musamman masu ciwon jiki da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ya raba horon da aƙida da ibada, ya tsara shi mako 8: haɗuwa sau ɗaya a mako ta kimanin awa biyu da rabi, sai aikin gida na minti 45 kusan kullum. A zaman farko zabibi guda ake ba kowa, a ce ya dube shi, ya juya shi a yatsu, ya shinshina, ya ɗora a harshe, sannan ya tauna sannu a hankali. Manufar ita ce mutum ya ga da idonsa yawan abin da yake yi kullum alhali ba ya wurin.

Ainihin aikin ba shi da wani ado. Ka zauna, ka sa hankali kan numfashi, inda iska ke shiga hanci ko yadda ciki ke tashi yana sauka. Ba za ka yi numfashi biyar ba hankali zai gudu, ya tafi wajen kuɗin makarantar yara ko maganar da wani ya yaɓa maka jiya. Can sai ka farga. Ka dawo da shi. Ya sake gudu, ka sake dawo da shi. Masu fara koyo sukan ɗauka gudun nan shi ne kasawa, alhali fargar da dawowar su ne atisayen gaba ɗaya. Wanda hankalinsa ya gudu sau 30 ya dawo da shi sau 30, ya yi atisaye sau 30 ne. Ba a neman zuciya ta zama wayam, babu mai rai da tasa ke zama haka.

Sai kiran abu da sunansa. Maimakon “ta raina ni”, mutum ya ce a ransa “ga tunanin cewa ta raina ni ya zo”. Maimakon ya tsunduma cikin fushi, ya ce “wannan fushi ne, ina jin sa a ƙirji da muƙamuƙi”. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar California da ke Los Angeles sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna nuna musu fuskokin masu fushi da masu tsoro. Idan aka ce mutum ya zaɓi kalmar da ta dace da yanayin fuskar, sai a ga amigdala, ɗan sashen da ke saurin zabura in an hango haɗari, ya ɗan lafa fiye da idan sunan mai fuskar aka ce ya zaɓa. Ni dai ba na son yadda ake ɗora wa hoton ƙwaƙwalwa nauyin da ya fi ƙarfinsa, kamar da zarar an nuna launi a allo magana ta ƙare. Hujjar da ta fi gamsar da ni tana wajen marasa lafiya.

Wasu masana halayya uku, Zindel Segal a Toronto ta Kanada, da Mark Williams a Bangor da John Teasdale a Cambridge na Birtaniya, sun lura da wani abu game da cutar tsananin damuwa. Wanda ta taɓa kamawa sau da yawa, ɗan ɓacin rai na yau da kullum ya isa ya taso masa da tsohon jerin tunani: ni ba komai ba ne, ga shi ta dawo, ba zan taɓa warkewa ba. Sai suka haɗa horon Kabat-Zinn da dabarun gyaran tunani na masana halayya, suka gwada a kan mutum 145 da suka samu sauƙi. Sakamakon ya fito a 2000. Cikin waɗanda cutar ta taɓa kama su sau uku ko fiye, kashi 66 cikin 100 na waɗanda ba su samu horon ba ta dawo musu cikin mako 60, a masu horon kuwa kusan kashi 40 ne. Ga waɗanda sau biyu kawai ta taɓa kama su, horon bai nuna amfani ba. Tun 2004 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta sa shi cikin abin da take ba da shawara a kai. A 2015 kuma Willem Kuyken ya jagoranci gwaji kan mutum 424, aka kwatanta horon da ci gaba da shan maganin damuwa na tsawon shekara 2. Kashi 44 ta dawo wa a ɓangaren horo, kashi 47 a ɓangaren magani. Kusan kunnen doki ke nan.

To amma akwai tarko a nan, kuma a ganina shi ne abin da masu tallar wannan horo suka fi tsallakewa. Mutumin da ya saba zane kansa da harshe, in ka koya masa lura da tunaninsa kawai, ka ƙara masa abin duka ne. Zai zauna, hankali ya gudu, sai muryar nan ta taso: dubi, ko minti biyu ka kasa, sakarai kawai. Zai lura da fushinsa, sai ya ji haushin kansa don ya yi fushi. Irin wannan mutum ba ya daɗewa yake watsar da horon, kuma da gaskiyarsa, wa zai so ya riƙa kai kansa inda ake zaginsa kullum?

Nan ne tausaya wa kai ya shigo. Kristin Neff ta Jami'ar Texas da ke Austin ce ta fara tsara ma'auninsa a 2003. A wajenta abin ya ƙunshi mutum ya amsa cewa yana cikin zafi ba tare da ya musanta ko ya zuzuta ba, ya tuna cewa kuskure da faɗuwa rabon kowane ɗan'adam ne ba nasa shi kaɗai ba, sannan ya yi wa kansa magana da irin harshen da zai yi wa wanda yake ƙauna. Gwajin mai sauƙi ne. Da ƙaninka ne ya faɗi jarrabawar JAMB karo na biyu, ya shigo ɗakinka ido jawur, me za ka ce masa? Ba za ka ce laifin masu jarrabawa ba ne in ka san bai yi karatu ba. Ba kuma za ka ce masa shi banza ne har abada ba. Za ka bari ya huce, ka ce masa ba a kansa aka fara ba, sannan ku zauna ku duba darasin da ya kayar da shi. Yawancinmu mun iya wannan sarai, ga kowa ban da kanmu.

Na san abin da dattijo zai ce: in ka sassauta wa kanka ai ka lalace. Tsoro ne mai ma'ana, an kuma gwada shi. A 2012 Juliana Breines da Serena Chen a Jami'ar California da ke Berkeley sun ba ɗalibai jarrabawar kalmomi mai tsananin wuya da gangan, don su faɗi. Bayan sun ga sakamako, wasu aka gaya musu cewa ba su kaɗai ba ne, ɗalibai da yawa na shan wuya da irinta, kada su matsa wa kansu. Wasu aka fasa musu kai, cewa ai tunda suka samu shiga wannan jami'a masu basira ne. Sannan aka ba kowa damar yin bita kafin jarrabawa ta biyu. Waɗanda aka tausasa wa sun fi daɗewa a kan bitar. A Jami'ar Carleton da ke Ottawa ta Kanada ma, Michael Wohl da abokan aikinsa sun gano a 2010 cewa ɗaliban da suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi kafin jarrabawar farko sun rage jan ƙafa kafin ta biyu.

Dalilin a fili yake in aka yi tunani. Wanda kowane kuskure ke jawo masa zagi daga cikinsa, ba zai so ya kalli kuskuren ba. Littafin da ya faɗi a kansa ya zama abin gudu, wanda ya ɓata wa rai ya zama abin kauce wa hanya. “Na yi kuskure” magana ce da ke da gyara a gabanta. “Ni ɗin ne ba ni da amfani” ba ta bar abin gyarawa ba. Breines da Chen sun ga haka ma a kan laifin da mutum ya yi wa wani: waɗanda suka dubi laifinsu da tausayi sun fi nuna niyyar neman afuwa da ƙin maimaitawa.

Paul Gilbert, masanin halayya da ya daɗe yana aiki a Derby ta Ingila, ya ƙara wani abu da ya lura da shi wajen majinyatansa. Sukan iya kawo tunani mai kyau don maye gurbin mummuna, amma da ya tambaye su da wace murya suke faɗa wa kansu, sai ya ji ta tsawa ce. Kalmomin daidai, sautin na maƙiyi. Ya kuma gano mutane da yawa na tsoron tausayi shi kansa, musamman waɗanda suka tashi a hannun da ba a nuna musu shi ba. Ga irinsu, farkon gwada magana mai laushi da kai yakan zo da kuka ko jin kunya, ba da sanyin rai ba. Wannan ba alamar cewa abin bai dace da su ba ne.

Mai karatu Musulmi zai yi tambaya kan tushen horon nan, kuma yana da haƙƙin yi. Hukunci kan wani salon zama ko wata lafuzza aikin malamai ne. Amma bambancewa tsakanin abin da ya ɗarsu a rai da abin da mutum ya aikata ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna Allah ya yafe wa al'umma abin da zukatansu suka raya musu, muddin ba su aikata ko sun furta ba. Akwai umarnin cewa wanda ya fusata yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa, wanda kuwa ba ya yiwuwa sai mutum ya fara lura cewa ya fusata. Malaman tarbiyyar zuciya sun yi dogon bayani kan muraƙaba da muhasaba, wato kula da zuciya da yi wa kai hisabi. Abu Zaid al-Balkhi, wani masani Musulmi da ya rasu a 934 miladiyya, ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun ransa na kwance, domin ranar da fushi ko tsoro zai taso. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai saba dawo da hankalinsa a lokacin lumana ba, ba zai fara koyo a tsakiyar rigima da matarsa ba.

Sauran magana ita ce iyakar abin, don kasuwa ta shiga ciki, manhajoji na ta alƙawarin abin da bincike bai ce ba. A 2014 Madhav Goyal da tawagarsa a Jami'ar Johns Hopkins sun tace gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515. Sun samu amfani matsakaici kan fargaba da damuwa da raɗaɗin ciwo, ba su kuma samu shaidar cewa horon ya fi magani ko motsa jiki ba. A 2022 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Birtaniya mai suna MYRIAD, makarantu 84, yara fiye da 8,000 'yan shekara 11 zuwa 14. Koyar da horon a aji bai inganta lafiyar ransu fiye da darussan da aka saba ba. Akasarin yaran ko gwadawa ba su yi a gida ba. Abin da babba ya zaɓa da kansa don ciwo ya ishe shi daban yake da abin da aka ɗora wa yaro a jadawalin makaranta.

Kuma kada a mayar da shi hanyar rufe bakin wanda ake zalunta. Ma'aikacin da aka riƙe wa albashi wata uku, ko matar da ake duka, matsalarsu ba a numfashi take ba. Iyakar abin da horon zai yi musu shi ne su yanke shawara da hankalinsu a jikinsu.

Willoughby Britton ta Jami'ar Brown ta tattara bayanan mutanen da zaman ya jawo wa ƙarin fargaba, ko rashin barci, ko dawowar wani mummunan abu da ya taɓa faruwa da su. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Wanda ya tsira daga harin 'yan bindiga ko ya fito daga hannun masu garkuwa, rufe ido a ɗaki shiru na iya mayar da shi daji. Irinsa gara ya bar idonsa a buɗe, ya sa hankali kan tafin ƙafarsa a ƙasa ko sautin da ke kewaye da shi, ko ya yi a tafe, minti biyu ko uku, ya tsaya da zarar ya ji abin na neman fin ƙarfinsa. Wanda kuwa ya kai makonni ba barci ba cin abinci, ko tunanin halaka kansa ya fara zuwar masa, likita zai nema tukuna. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Mai shan maganin damuwa kuma kada ya ajiye shi don ya karanta cewa horo ya yi kunnen doki da magani. Mutanen gwajin Kuyken sun yi mako 8 a hannun ƙwararru, kuma rage maganin da suka yi sannu a hankali ne, da sanin likitocinsu.